Mai duba shafi: ya gyara ne ko ya kwafa yadda ya gani?

Abu_Hafsa_Madina:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana kan aikin nan namu na sikanin littattafai, kuma don Allah kar wani ya ce da shi nake, shi ya sa ban kama suna ba. Na zauna duba na biyu a kan tsohon littafin waƙoƙin nan da aka raba mana, sai na tarar wanda ya yi duba na farko ya bi ya gyara rubutun kaf. Inda littafin ya rubuta chikin ya mayar cikin, inda mawaƙin ya yi Sakkwatanci ya mayar Kananci, har akwai baiti guda da ya canza kalma sukutum. Niyyarsa mai kyau ce, wannan ba na shakka. Amma mu da muka sa kanmu aikin nan ba ko riyal ɗaya, mene ne ainihin abin da ke wuyanmu? Mu kwafe abin da ke shafi ko da kuskure ne, ko mu gyara wa mai karatu? Kuma in fayil ya fita duniya da ɓarna a ciki wa za a tambaya, mai ɗaukar hoto, mai bugawa, ko mai duba na ƙarshe?

Dan_Kuba:
Wa alaikumus salam. Kwafa kawai Ustaz. Ba littafinmu ba ne.

Sittin_Boy:
Ni fa gaskiya ban ga laifinsa ba. Yaran yanzu wa zai zauna yana fama da chikin da chewa, ai ajiyewa zasu yi su koma TikTok. In dai don a karanta muke wahalar nan to a saukaka wa mutane mana

Ummu_Sumayya_Jidda:
Ƙanena Sittin, sauƙaƙawa aiki ne mai kyau amma aiki ne daban, ba shi aka ba mu ba. In kana so ka yi wa yara bugu da rubutun zamani bismillah, ka yi, ka rubuta a sama cewa an sabunta rubutu, kowa ya san abin da ya ɗauka. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a sa sunan bugun farko da shekararsa a kan fayil, alhali abin da ke ciki hannun wani ɗalibin Madina ne na bana.

Ka duba littafin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara, mujalladi uku daga 1911 zuwa 1913, a jikin bangon ma Litafi aka rubuta da t ɗaya. Lokacin ba a ma fara amfani da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa ba, sai wajajen 1930 da wani abu suka shigo. Duk mai son sanin yadda bokon Hausa ya taso, irin waɗannan shafukan ne hujjarsa, in muka goge mun goge masa hanya.

Na waƙa kuma ya fi muni. Basakkwace ya ce "yat tafi", kai ka mayar "ya tafi", gaɓa mai nauyi ta koma marar nauyi, karin waƙar ya karye. Rera ka ji da kunnenka.

Sittin_Boy:
Anti na ji na waka, wannan na yarda. Amma zube fa?

Baba_Misfala:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ke karanta mini, ita ke bugawa kuma, sai ku yi haƙuri da tsawo.

Wannan muhawara taku malamai sun gama ta tun kafin a san injin ɗab'i. Malaman hadisi suna da abin da ake kira muƙabala, ka kwafi littafi, sannan ka zauna da wani, shi yana riƙe da asali kai kana riƙe da naka, ana karantawa ana bi. An ruwaito Urwatu ɗan Zubairu ya tambayi ɗansa Hishamu ko ya rubuta, ya ce e, ya ce ka gwada da asali, ya ce a'a, sai ya ce masa to ba ka rubuta ba. Ibnus Salah ya yi bayanin ƙa'idojin nan a littafinsa na ilimin hadisi, ku da kuke jami'a kun fi ni sanin shafin. In mai kwafa ya ga kalma da yake ganin kuskure ce ba ya taɓa ta, sai ya sa mata alama, ko ya rubuta "kaza" wato haka na gani, ra'ayinsa kuma ya kai shi gefe. In kalma ta yi kama da kuskure amma ya tabbatar daidai take sai ya sa "sahha". Inda suka tsaya da muƙabala a rubuta "balaga" a gefe don gobe a san inda za a tashi.

Dalilinsu kuwa, sau da yawa abin da kake gani kuskure ne, saninka ne bai kai can ba. Ka bar shi, wanda ya fi ka zai zo.

Abu_Hafsa_Madina:
Allah ya ƙara lafiya Baba. A gaida jikar tamu, ta iya ƙ da ɗ fiye da wasu manya a guruf ɗin nan 😄

Sittin_Boy:
Da ni ake na gane. Kibod dina ne bai da su wallahi

Injiniya_Riyad:
Sittin Gboard na da Hausa, ka shiga saitin harsuna ka ƙara, minti ɗaya ne. Kuma ba da wasa ba, wanda ba shi da haruffan nan a wayarsa bai kamata a ba shi duba ba, a ba shi sikanin. Kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne.

Dan_Kuba:
Abin da Baba ya faɗa shi ne Turawa ma suka dawo kansa. Project Gutenberg, shirin ɗora tsofaffin littattafai kyauta a intanet, da Michael Hart ya fara a 1971, daga baya a 2000 Charles Franks ya kafa Distributed Proofreaders don a raba duba shafi shafi tsakanin 'yan sa kai. Tsarinsu shafi ɗaya sai ya bi zagaye uku na duba, sannan zagaye biyu na tsara fasali, kuma dokarsu ta farko ita ce ka bi hoton shafi, kar ka canza abin da marubuci ya rubuta. In ka ga abin da kake zargi ka bar ɗan bayani a wurin, mai haɗa littafin a ƙarshe shi zai yanke. Wikisource ma haka, shafi ja ba a duba ba, rawaya mutum ɗaya ya duba, kore sai wani mutum daban ya sake dubawa, ba a yarda kai ka duba kuma kai ka tabbatar wa kanka ba.

Hajiya_Karantina:
To su ai dubbai ne Malam. Mu nan da ba mu cika ashirin ba, rabi ɗalibai rabi masu aikin gida da direbobi, zagaye biyar ina? Biyun ma da ƙyar.

Dan_Kuba:
Ban ce mu yi biyar ba Hajiya. Biyun dai ya zama mutum biyu ne da gaske.

Injiniya_Riyad:
Bari in ɗan karkata, domin Ustaz ya tambaya wa za a tambaya, ni a ganina rabin ɓarnar tun wajen hoto take farawa kuma mai duba ba yadda zai yi. Ana turo mana shafi da inuwar waya a kai, ko babban yatsa ya rufe kalmar ƙarshe, ko layin da ke kusa da ɗinki ya lanƙwashe ya shige ciki, sai mai bugawa ya cika da hasashe, to daga nan fa aka fara "gyara" ba tare da an yi niyya ba.

Mai sikana ya sa 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, in rubutun ƙanana ne ko akwai wasulla da yawa ya kai 600. Mai waya ya kafa ta a kan wani abu kar ya riƙe a hannu, hasken taga ya fi filashi. Kuma don Allah don Annabi ku daina turo hotuna ta WhatsApp a matsayin hoto, matse su yake yi, ku turo a matsayin fayil. A ɗauki bango gaba da baya, shafin da ke da sunan maɗaba'a da shekara, har shafin da ba komai a kai, don wanda ya ga lamba ta tsallake ya san ba ɓata ya yi ba. Kafin ka mayar wa mai littafi kayansa ka ƙirga hotuna ka ƙirga shafuka. Littafin da aka aro wajen alhajin da zai koma Gusau jibi, in shafi ya faɗi, khalas, sai dai wata shekarar in da rai.

Hoton asali kuma a ajiye shi yadda yake. Wanda aka wanke aka yi fari tas don PDF ya yi kyau daban, domin wankin nan yana cinye ɗigo.

MaiWurno_Zol:
Salam ya jama'a, sai yanzu na samu netwok, wuta ma tun jiya babu. Na karanta duka. Ku kuna maganar littafin ɗab'i, mu nan Mai Wurno ta Sudan abin da ke hannun tsofaffi yawanci rubutun hannu ne, kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 suka zauna bakin kogi kusa da Sinnar da gafakarsu suka zo, akwai waƙoƙin Shehu da na Nana Asma'u da littattafan fiƙihu, warƙa warƙa ba ɗinki ba lambar shafi. Abin da ke riƙe jerin shi ne kalmar nan da ake rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Yaro ya zo da waya ya yanke gefen hoto wai don ya yi kyau, ya yanke ta, ya yanke har bayanan da malam ya yi a gefe. Mafi muni ya hargitsa warƙoƙin ya mayar cikin gafaka haka nan, tsoho ya buɗe ya ga an birkita masa, daga ranar ƙofar ta rufe ga kowa.

Sannan akwai amanar mai littafi da ba wanda ya ambata. Cikin gafaka ba littafi kaɗai ba ne, akwai wasiƙun dangi, akwai takardar bashi da ta gado, akwai laƙani da mutum bai yarda kowa ya gani ba. Don ya ce ka ɗauki hoto ba yana nufin ka ɗora a intanet ba. Sai ka tambaye shi dalla dalla, wanne za a sa wanne za a bari, kuma ka ba shi kwafinsa.

Ni dai abin da ya sa nake gaggawa kun sani. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 an ga abin da ya samu ɗakunan karatu, laburaren cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Omdurman wuta ta cinye shi. Don haka wani lokaci in na ji kuna ta 600 dpi sai in ce hoto marar kyau ya fi babu.

Injiniya_Riyad:
Allah ya kawo muku sauƙi ɗan'uwa. A halinku na yarda, ɗauka da abin da ke hannunka. Ka dai rubuta a sunan fayil cewa na gaggawa ne.

Ummu_Sumayya_Jidda:
Amin ya Rabbi. Maganar laƙani da wasiƙu ta shige ni, a sa ta cikin dokokin guruf don Allah admin.

Gadarif01:
tambaya, me ya hana mu sa Magana Jari Ce? yaranmu nan Larabci kawai suke karantawa, Hausa a baki take, shi ne zai ja su

Abu_Hafsa_Madina:
Haƙƙin mallaka ya hana. Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar Najeriya kuma shekara 70 ce bayan rasuwar marubuci, ka lissafa, sai ƙarshen 2051. Kuma har yau ana buga shi ana sayarwa.

Gadarif01:
ana sayarwa a Zariya, a Gadarif fa? kuma ilimi ai ba a ɓoye shi. PDF ɗinsa ma yana yawo ko'ina

Dan_Kuba:
Yana yawo ba hujja ba ce akhi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi mai hedikwata a nan Jidda ta yi matsaya tun 1988 cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Akwai malaman da suka saɓa, amma mu da muke zaune da iƙama a ƙasar mutane ba ma jawo wa kanmu. Internet Archive, laburaren intanet ɗin nan, da girmanta, kamfanonin ɗab'i huɗu suka kai ta kotu a 2020 kan ba da aron littattafan da ta yi sikanin, ta faɗi a 2023, ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗi a 2024. Mu wa zai tsaya mana?

Hajiya_Karantina:
Ni dai tausayin yaran nake ji, namu na Jidda ma haka suke, ka ba yaro takardar Hausa ya riƙe ta kamar Turanci. In akwai mai zuwa Umara daga Kano a saya kwali guda a kawo, ni zan sa nawa, sai a ga yadda za a kai Sudan.

Gadarif01:
Allah ya saka Hajiya. amma ban gamsu ba har yanzu, mu bar shi haka

Sittin_Boy:
Wai ma duk wannan bugawa da hannu na mene ne, Google Lens na kwashe shafi cikin sakan biyu, ka ba AI ya gyara maka shi kenan

Injiniya_Riyad:
OCR, wato manhajar karanta rubutu daga hoto irin na Google Lens, na taimakawa a boko mai tsabta, ba musu, amma lanƙwasar ƙ da ɗ yakan zubar da ita ko ya mayar da harafin wani abu can. Wannan da sauƙi don ido na kamawa. Na biyun da ka faɗa shi ne abin tsoro, domin in ka ce masa ya gyara, kalmar da bai gane ba zai musanya ta da wata mai kyau da ta dace da jimla, ka karanta sumul ba ka ji tuntuɓe ba, alhali ba ita ce a shafin ba. Ajami kuwa kar ma a fara. Rubutunmu fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, injin da ya saba da rubutun gabas zai karanta ƙaf ɗinmu a matsayin fa'un, ga ɗigon imala, mai ba da sautin e, da bai san da zamansa ba.

Talib_Shariah:
To jama'a ba sai an ɓoye ba, ni na yi duba na farko a shafukan da Ustaz yake magana. Chikin da Sakkwatanci ku yanke yadda kuka ga dama a mayar, ba ni da ja. Amma baitin nan ina nan kan bakana. Waƙar nan a bakin mahaifina na haddace ta, shi kuma a bakin malaminsa, kalmar da ke cikin bugun ba ta hau kari ba kuma ba ta ba da ma'ana, duk wanda ya san waƙar zai gaya muku mai jera haruffa ne ya zame. Yanzu don wani ma'aikacin maɗaba'a ya yi gyangyaɗi sai mu dawwamar da kuskurensa mu jingina wa mawaƙin abin da bai faɗa ba? Wace amanar ce ta fi, ta mawaƙi ko ta maɗaba'a?

Abu_Hafsa_Madina:
Malam Talib na gode da ka fito, kuma wataƙila ma kai ke da gaskiya a kan kalmar. Matsalata ita ce ba ka bar alama ba. Da ban sa hoton a gefe ba da ba wanda zai taɓa sanin akwai riwaya biyu.

Baba_Misfala:
Ɗana Talib, abin da ka haddace dukiya ce, kar ka raina ta kuma kar ka ɓoye ta cikin rubutun wani. Ka rubuta a ƙasa, a bugu kaza ne, ni kuma na ji daga mahaifina kaza. Ka ga mai karatu ya samu biyu. Watakila gobe a samu rubutun hannu a Mai Wurno ya goyi bayanka, watakila kuma ya zo da ta uku.

Talib_Shariah:
Na ji Baba. Amma in aya ce fa? Akwai littafin wa'azi a jerinmu da aka buga aya da kuskuren harafi. Ita ma kaza za mu sa mu wuce?

Dan_Kuba:
Aya a gyara a cikin rubutu, a faɗa a ƙasa cewa bugu ya yi kuskure. Haka masu tahƙiƙi, wato masu tantance tsofaffin littattafai don bugawa, da yawa suke yi.

Ummu_Sumayya_Jidda:
A dai tabbatar kuskure ne tukuna. Mutanenmu da Warshu suke karatu, ku kuma nan kunnenku ya saba da Hafsu, kar a je a "gyara" maliki zuwa maaliki a ce an kama kuskure.

Talib_Shariah:
Wannan ba bambancin riwaya ba ne Anti, na duba mus'hafin Warshu na Mujamma', maɗaba'ar Alƙur'ani ta Madina. Amma kun ga ai kun yarda akwai inda ake taɓa rubutu, saura mu san ina iyakar take.

Admin_Sakan3:
Jama'a na bi duka. Abu biyu zan ƙara cikin dokoki yau, tambayar mai littafi kafin a ɗora, da cewa kowane fayil a rubuta wa ya ɗauki hoto, wa ya buga, wa ya duba, ko da laƙabi ne. Wasu sun ce mini wannan riya ce, ba don yabo ba ne, don a san wanda za a koma wa in tambaya ta taso, kuma rubutun bugawa kullum ya fita tare da hoton shafinsa da lamba iri ɗaya, kamar yadda manhajar littattafan Larabci ta Shamila ke nuna wanda ya dace da bugun takarda.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba a ma taɓo shi ba. Mutum ya karɓi shafi hamsin da zafinsa, sai jarrabawa ta zo ko lokacin Umara ya kama aiki ya yi yawa, shiru, ba ya yi ba ya cewa ya kasa, littafi guda ya tsaya saboda shi. Ba wanda zai ga laifinka don ka ce ba ka da lokaci, sa kai ne. Amma ka dawo da su a ba wani. Maganar baiti da aya ban sa komai ba tukuna don ban ga kun daidaita ba.

Hajiya_Karantina:
Masu aikin gida a yi mana uzuri a Ramadan dai admin, waya ma sai bayan sahur muke taɓawa.

Sittin_Boy:
Na sa kibod ɗin. ƙ ɗ ɓ. Yanzu a ba ni shafi goma in gwada, amma zube, ban da waƙa

MaiWurno_Zol:
Malam Talib turo mini baitin duka biyun ta akwati, akwai tsoho a unguwarmu da nake zaton yana da waƙar a rubuce, in netwok ya bari zan je bayan Juma'a. Sai dai ba ya barin a fita da warƙa ko ɗaya kuma ba ya son a ɗauki hoto, karantawa kawai zai yi mini in rubuta, to wannan kuma ban san a wane layi admin zai sa shi ba.